Murfin Waƙar Mma Uwani

A cikin matan zongon Kumasi da suka zauna a garin Laurel na Amurka, babu wadda ta kai Memunatu rashin magana. Ta fi shekara ashirin tana aikin kula da tsofaffi a gidajen mutane, ta yi musu wanka, ta ba su abinci a baki, ta juya su kada gado ya ci musu baya. A wurin biki ita ce mai zama kusa da tukunya tana zuba wa jama'a shinkafa da wake, kowa ya gaishe ta ta amsa da kalma biyu. Mata suna tsokanarta wai Allah ya yi mata baki ne don cin abinci kawai. Ba su san tun tana 'yar shekara tara take riƙe da wani abu a bakin nan ba, kuma tsoron kada ya zube ne ya koya mata shiru.

Abin na kakarta ne. Kakar, wadda duk zongo ke kira Mma Uwani, a Salaga aka haife ta, 'yar wani falken goro. Uban ya sa mata sunan mahaifiyarsa, don haka babu wanda ya taɓa kama sunan a gidan, sai dai a ce Uwani. Da aure ya kawo ta Kumasi, da Uwani ta zo, waɗanda suka san sunanta na yanka kuwa suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta iya karatu da rubutun ajami tun a gaban ubanta, kuma Allah ya hore mata waƙa. Tana daka tana tsara baiti, tana wanki tana gyara shi, da hantsi ta zauna da tawada da alƙalami ta sa shi a takarda. Matan zongo suna taruwa a ɗakinta su koya, su kai gidajen suna da gidajen makoki.

Waƙarta ta farko da ta yi suna, wani malami ya aro takardar wai zai duba. Ya kwafe ta tsaf, ya cire baitin ƙarshe inda mai waƙa yake faɗin sunansa, ya sa nasa. Kafin shekara ta zagayo ana rera ta har Accra da sunan malamin, shi kuwa yana karɓar gaisuwa ko kunya babu. Mma Uwani ba ta kai ƙara wurin kowa ba, don ta san inda ƙarar mace a kan malami take ƙarewa. Sai ta sake hanyar aiki. Daga ranar, kowace waƙa ta rubuta, takan rubuta ta duka ban da baitin ƙarshe mai ɗauke da sunanta. Wannan baitin takan kira shi murfi, kuma ba ya hawa takarda. Takan zaɓi yarinya guda ta raɗa mata shi a kunne. Waƙa arba'in da ɗaya ta yi, murfi arba'in da ɗaya ta raba, Memunatu ce ta ƙarshe kuma ƙaramarsu.

Waƙar da ta faɗo wa Memunatu ta wata matafiya ce da ta taso da kaya a ka, ta yi ta tafiya har ta iso bakin wani babban ruwa. Duk mai hankali ya san ba kogin Volta ake nufi ba. A takarda, waƙar tana tsayawa ne a nan:

Mai fito ya ɗaga murya ya ce,
Ba na ɗaukar wanda ban ji sunansa ba,
Rana ta yi ƙasa, jirgi zai tashi,
Wace ce tsaye a bakin ruwa?

Ranar da za a ba ta murfin, a bayan madafa, kakar ta sa ta tsaya ta rera tambayar da kanta. Sai da ta rera sannan tsohuwar ta jawo kanta ta raɗa mata amsar, layi huɗu, da sunan a ciki.

"Kada ki rubuta shi," in ji ta. "Kada kuma ki cusa wa wadda ba ta nema ba. Ranar da wata ta dube ki ta rera miki tambayar nan, ita ce mai shi, ki ba ta. Amma sau ɗaya ake bayarwa. Idan kin bayar, ya bar hannunki ke nan."

"To ke fa, Mma, da kika ba ni?"

"Ni ma ya bar nawa."

Memunatu ta yi dariya, ta ɗauka wasan kaka da jika ne. Shekaru bayan haka, da masu cika takardun aikin hajji suka tambayi tsohuwar sunanta na yanka, sai ta yi ta kallonsu tana murmushi, ba ta ce uffan ba. Mutane suka ce tsufa ne. Ta rasu a 1974 ba ta je hajjin ba.

Memunatu ta bi mijinta Osumanu zuwa Amurka a 1989, da takardar waƙar a naɗe cikin ɗankwali a ƙasan akwati. Osumanu mai gadi ne a wani rumbun ajiye kaya, mutumin kirki wanda bai taɓa gane abin da ya sa matarsa take motsa leɓe ita kaɗai kowace safiya bayan salla ba. Bita take yi a zuci, layi huɗun nan, kamar yadda wasu ke lalube aljihu su ji ko makulli na nan. Bayan dogon jira Allah ya ba su 'ya guda, Fareeda. Yarinyar tana jin Hausa sarai, musamman idan ana gulmarta, amma da Turanci take amsawa.

Da Fareeda ta kai shekara goma, uwar ta zaunar da ita ta ba ta labarin, ta rera mata waƙar har zuwa tambayar, ta ce ta maimaita. Yarinyar ta fara, harshenta ya sarƙe a kan "bakin ruwa", ta fashe da dariya ta gudu wurin talabijin. Uwar ta ce ba komai, akwai lokaci. Da ta sake tayar da maganar bayan rasuwar Osumanu, Fareeda ta riga ta zama budurwa mai shirin jami'a, ta ce, "Mma, ki ɗauka a waya mana, ko ki rubuta mini, sai in ajiye." Ba da raini ta faɗa ba, iyakar abin da ta sani ke nan. Memunatu ta ji zafin maganar har cikin ranta, amma ba ta matsa ba, tunda an ce kada a cusa wa wadda ba ta nema ba. A shekarun nan kuma labari yana ta zuwa daga Kumasi cewa wance ta rasu, wance ma ta rasu, cikin 'yan matan nan arba'in.

A ƙarshen 2009 kamfanin da take wa aiki ya tura ta wani gida a Fort Washington. Gida ne na katako a kan tudu, tagar ɗakin mara lafiyar tana kallon kogin Potomac. Mara lafiyar sunanta Constance, Ba'amurkiya baƙar fata, tsohuwar malamar makaranta mai shekara tamanin da takwas. Ɗanta Bartholomew, wanda shi ma furfura ta cika masa kai, shi ya nuna wa Memunatu inda magunguna suke. Ya ce uwar ta daina gane shi tun bara, ta daina magana, kuma likita ya ce da wuya ta kai sabuwar shekara. Da zai fita ya juyo daga bakin ƙofa, ya ce idan yamma ta yi takan yi 'yar waƙa, kada ta damu.

Ranar farko, Memunatu ta yi sallar la'asar a lungun ɗakin, ta zauna tana ninke tawul. Rana ta yi ƙasa, kogin ya yi jawur. Sai ta ji wani amo siriri, ta ɗauka a kanta yake, don ta saba jin sa a can. Ta ci gaba da ninki. Da amon ya kai inda matafiyar take sauke kaya, sai ta ga ashe leɓen tsohuwar ne ke motsi. Matar nan da ta manta sunan ɗan da ta haifa tana rera waƙar Mma Uwani da Hausa, kalmomin a karkace kamar na wanda ya haddace bai san ma'ana ba, amma karin daidai yake, har da 'yar shaƙewar da kakar take yi a tsakiyar baiti na uku. Da ta iso ƙarshe ta juyo da kanta a hankali daga taga, ta kafa wa Memunatu ido.

"Wace ce tsaye a bakin ruwa?"

Tawul ɗin ya faɗi. Memunatu ta tsaya kamar an kafe ta, bakinta a rufe gam. Tsohuwar ta jira, ta jira, sannan hawaye ya gangaro mata ta gefen ido zuwa kunne, ta mai da kanta wajen taga.

Washegari ta tare Bartholomew a madafa ta tambaye shi. Ya hau sama ya sauko da wani kwali, a ciki akwai faifan zare irin na da da kaset-kaset da aka kwafa daga gare shi. Ya ce a 1965 uwarsa ta je Kumasi koyarwa, ta shekara biyu. Wata rana aka kai ta gidan wata tsohuwa mai waƙa a zongo, ta ɗauki muryarta. Tsohuwar ta rera har wani wuri ta yi shiru. Da uwarsa ta ce a ƙarasa, sai aka fassara mata cewa sauran ba na na'ura ba ne. Ta dawo da faifan, ta yi shekara arba'in tana saurare, a mota, a madafa, ranar da mijinta ya mutu ma shi ta sa. Ta rubuta wasiƙu, ta kai wa masana, babu wanda ya san ƙarshen, babu ma wanda ya san sunan mai waƙar. A jikin kwalin an rubuta da Turanci: tsohuwar zongo, ba a gama ba.

Sai a lokacin Memunatu ta tuna. Tana 'yar shekara takwas wata baƙuwa ta zo gidansu da akwati mai juyawa, yara suka yi ta leƙe suna mamakin baƙar mace da ba ta jin Hausa, ba ta jin Twi, ba ta jin komai. Ta dubi Bartholomew, ta ce masa waƙar da daɗi. Ba ta ƙara ko kalma ba.

A nan ne fa Memunatu ta shiga uku. Ka'idar kakarta ba ta ce sai 'yar dangi ba, ba ta ce sai Musulma ba, ba ta ce sai mai hankali ba. Cewa ta yi wadda ta dube ki ta rera miki tambayar. Ga wata tana dubanta tana rera mata kullum da la'asar, ita kuwa tana toshe bakinta tana ajiye wa 'yar da ba ta taɓa nema ba. Ta yi tunanin neman a canja mata gida. Ta ɗauki waya sau biyu ta ajiye. Ta koma dabarar shiga bayan gida da ƙarfe huɗu ta saki famfo, amma gidan katako ba ya ɓoye murya, kuma ko ta daɗe, idan ta fito takan tarar da idanun nan a kan ƙofar suna jiran ta.

Sabuwar shekara ta zo ta wuce. Constance ta daina cin abinci, sai ɗan ruwa a soso da ake goga mata a leɓe. Ta rame har zoben aurenta ya zame aka ɗaure shi da zare. Nas ɗin da ke zuwa duba ta takan auna ta ta girgiza kai, ta ce ba ta san abin da ke riƙe da matar nan ba. Memunatu ta sani, kuma sanin ya hana ta sukuni. Ta yi jinyar mutane da yawa har suka cika a hannunta, ta san yadda mai shirin tafiya yake sakin jiki. Wannan ba ta saki ba. Duk yini tana kwance kamar gawa, da rana ta yi ƙasa sai murya ta fito daga ƙirjin da ba shi da ƙarfin tari, ta bi waƙar tun daga Salaga har bakin ruwa.

A watan Fabrairun 2010 aka yi ƙanƙarar nan da ta rufe Washington da kewayenta. Hanyoyi suka toshe, wadda za ta karɓe ta ba ta iya zuwa ba, Bartholomew ya maƙale a gidansa. Kwana huɗu daga Memunatu sai tsohuwar. Duniya ta yi tsit, ko mota ba a ji, gefen kogin ya daskare ya bar wani baƙin layi na ruwa a tsakiya. A rana ta uku, bayan azahar, ta kira Fareeda a makaranta.

"Fareeda, ki ji ni da kyau. Waƙar nan ta kakata, layin ƙarshe kawai nake so ki rera mini. Zan faɗa ki maimaita."

Ana jin hayaniyar 'yan mata a bayanta, an ba su hutun ƙanƙara suna murna. "Mma, lafiya kike? Akwai wuta a gidan? Kin ci abinci?"

"Lafiya lau. Layi ɗaya ne."

"Yanzu? A gaban mutane? Mma, zan kira ki anjima, na yi alkawari. Ki kula da kanki."

Ba ta kira ba, kuma babu mai ganin laifinta, yarinya ce 'yar shekara goma sha tara da aka ba hutu. Memunatu ta zauna da wayar a cinya har hasken taga ya fara ja. Ta yi alwala ta yi la'asar. Tana sallamewa muryar ta fara. Ranar a hankali take fita, kowane layi sai an huta, wani wurin iska ce kawai ba sauti. Memunatu ta ja kujera zuwa bakin gadon. Tausayi ya cika ta, haushi ma ya cika ta, na 'yarta, na kakarta, na wannan baƙuwar da ta zo gidansu da akwati ta kwashi abin da ya fi ƙarfinta. Da tambayar ta zo, idanun suka juyo, sai ta ga ba za ta iya sake yin kunnen uwar shegu ba. Ta sunkuya ta sa bakinta a kunnen tsohuwar kamar yadda aka yi mata a bayan madafa, ta rera layi huɗun, da sunan a ciki.

Constance ta lumshe ido. Leɓenta ya motsa, ta maimaita sunan sau ɗaya, daidai, babu karkata ko kaɗan, kamar wadda ta tashi a zongo. Sannan ta yi ajiyar zuciya, kafaɗunta suka sauka. Da hantsin washegari ta cika, Memunatu na riƙe da hannunta.

Sai da aka share hanya, aka ɗauki gawar, ta koma Laurel, sannan ta gane. Ta yi sallar asuba, ta zauna bita kamar kullum. Ta bi waƙar har bakin ruwa, mai fito ya yi tambayarsa, sai ta ji wayam. Ta sake daga farko. Ta sake. Karin yana nan, ta san layi huɗu ne, ta san ma inda ake jan numfashi, amma kalmomin babu, sunan babu. Abin da ta maimaita kowace safiya shekara arba'in da huɗu ya fita daga kanta kamar ba a taɓa sa shi ba. Ta zauna a kan dardumar har rana ta fito.

Masu ilimi suna da bayani. Wata likita 'yar Kano da take gaisawa da ita a masallaci ta ce gajiya ce da firgici, zai dawo da kansa idan ta daina matsa wa kanta. Memunatu ta gode mata, ta daina matsawa, bai dawo ba. Ta shiga kiran Kumasi da Accra tana neman sauran masu murfi. Cikin arba'in ɗin, aka ce saura biyu a raye. Ɗaya ta ba 'yarta tun tuni, 'yar kuma ta rasu a wurin haihuwa. Ɗayar ta ce ta ba wata jikarta da ke Jamus, da aka samu jikar a waya ta ce ta tuna an taɓa raɗa mata wani abu tana ƙarama, amma wallahi ba ta riƙe ba. A 2013 Memunatu ta je gida da kanta, ta zaga zongo gida-gida. Ana rera waƙoƙin har yanzu a wurin makoki, kowace a tsaya inda takarda ta tsaya, kuma matan yanzu sun ɗauka haka aka yi su. Ta dawo ba ta gaya wa kowa abin da ta je nema ba. Fareeda ma ba ta sani ba, don uwar ta kasa buɗe baki ta ce ta ba wata abin da ta ajiye mata.

Shekaru suka tafi. Fareeda ta gama karatun harhaɗa magunguna, ta auri wani yaron kirki ɗan Accra mai suna Abdul-Kabir, suka zauna a Silver Spring. A 2018 ta haifi mace. Memunatu ta ɗauki hutu ta tare a gidan, tana dafa mata ruwan wanka da kunu, tana faɗa da surukin a kan yadda ake riƙe jariri. Ba ta taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba.

Ana jibi suna, da la'asar, Fareeda ta kira ta ɗaki ta rufe ƙofa. Tana zaune a bakin gado da jaririyar a hannu, fuskarta da 'yar kunya. Da Hausa ta yi magana, a hankali, kamar mai taka ƙanƙara.

"Mma, tun ina da ciki nake koyo. Na ɗauki hoton takardar nan ta cikin akwatinki, wata mata ta karanta mini. Ina so in sa wa yarinyar nan sunan kakarki, na gaskiya. Kin ce yana cikin murfin. Kin ce sai an tambaya."

Ta gyara zama, ta dubi uwarta, ta rera. Ba ta sarƙe a ko'ina ba, har "bakin ruwa" ya fita sumul. Ta gama ta yi murmushi, ta karkato da kunnenta.

Memunatu ta sunkuya, don jikinta ya riga tunaninta. Ta kai bakinta kunnen 'yarta, ta ja numfashi a daidai inda ake ja. Ta tsaya a haka, tana jin ɗumin kunnen da ƙanshin jego, tana roƙon Allah a zuci ya ba ta ko da sunan kaɗai. Babu abin da ya zo. Da shirun ya yi yawa Fareeda ta ɗago ta dube ta.

"Na bayar," in ji Memunatu. "Wata ta riga ki tambaya."

Ta ba ta labarin duka, gidan kan tudu, kogin, ƙanƙarar. Ba ta ambaci wayar ba. Fareeda ce da kanta ta ce da Turanci, ƙasa-ƙasa, "Ranar da kika kira ni ke nan." Uwar ta ce ba ta tuna ba. Wannan ita ce ƙarya ɗaya da aka san Memunatu ta taɓa yi, kuma ba ta karɓu ba. Suka zauna su biyu suna kuka ba sauti don kada su ta da jaririyar.

Ranar suna falon ya cika da safe, maza a gaba, mata a madafa da lungu. Malam Hayatudeen, limamin da ya ɗaura auren iyayen, ya karɓi 'yar takardar da uban ya miƙa masa, ya duba, ya cire tabarau ya sake dubawa.

"Uwani," ya ce. "To, madalla. Amma ai wannan alkunya ce, Abdul-Kabir, ana sa ta ne a rufe wani suna. Wane suna ne a ƙarƙashinta? Shi za mu raɗa."

Uban ya waiwaya wajen matarsa, matar ta waiwaya wajen uwarta. Memunatu tana tsaye a bakin ƙofar madafa da ludayi a hannu, duk falon ya juyo yana kallonta.

"Malam, a raɗa hakan," ta ce. "Mai sunan ta haye da abinta."

Liman ya dubi fuskarta, bai ƙara tambaya ba. Aka raɗa Uwani, aka shafa fatiha, aka raba goro.

Memunatu ta bar aiki a shekarar, ta koma rainon jikarta. Maƙwabtan gidan na Silver Spring sun saba da ita, tsohuwa mai shiru da ke zama bakin taga da yarinya a cinya. Idan rana ta yi ƙasa takan rera mata waƙar tun daga Salaga, da 'yar shaƙewar nan a baiti na uku. Fareeda ta ce abin da ba ta so ta gani shi ne ƙarshen, shi ya sa takan bar ɗakin kafin a kai wurin. Domin idan uwar ta iso bakin ruwa ta yi tambayar, ba ta ci gaba, ba ta kuma tashi. Takan juyo da kanta a hankali daga taga, ta kafa wa ƙofa ido, ta jira.